Ƙarfen Adda da Babbar Wuƙar Sara: Wanne Ya Fi Dacewa?

Wuƙar yanka da wuƙar sara ba abu ɗaya suke nema a wajen ƙarfe ba. Wadda za a yanka nama ko a fere doya da ita, babban abin da ake so shi ne ta daɗe ba ta dakushe ba. Adda kuwa duka take sha daga safe har yamma. A kowane sara, ɗan siririn bakinta ne ke ɗaukar ƙarfin dantsen mutum gaba ɗaya, kuma ba kullum yake sauka a miƙe ba. Wani lokaci ya goce a kan gaɓar itace, wani lokaci ya tarar da tsakuwa a gindin sabara, wani lokaci ya maƙale sai an murɗa an ciro. Shi ya sa ƙarfen da ya yi suna wajen riƙe kaifi a ƙaramar wuƙa, sau da yawa shi ne ke fara yin giɓi idan aka miƙa shi ya kai kamu guda aka shiga jeji da shi.

Abubuwa biyu ne ke jayayya a jikin kowace adda: tauri da juriyar duka. Duk yadda aka ƙara tauri, gautsi na biye da shi. Ana auna tauri da ma'aunin Rockwell, shi ne HRC da ake gani a kwalin wasu wuƙaƙe. Magagari yana kaiwa 62 zuwa 65, don haka yake cin sauran ƙarafa, don haka kuma yake iya karyewa biyu idan ya faɗi a kan siminti. Addar kamfani fale-fale galibi tsakanin 48 da 55 take. Babbar wuƙar sara mai kauri ta fi jin daɗi a 55 zuwa 59. Wanda ya haura 60 a wuƙar da tsawonta ya wuce santimita 30, sai dai idan ƙarfensa na musamman ne, neman giɓi yake. Kuma a aikin sara, gara baki ya lanƙwashe da ya ɓantare. Bakin da ya lanƙwashe, minti biyu da magagari a gona ya isa a miƙe shi. Giɓi mai zurfin milimita 3 kuwa sai an cinye bakin daga tushe har tsini kafin ya ɓace. Idan kuma tsakiyar addar ce ta karye, guntun ba ya sanar da inda zai nufa.

Abin da ke sa ƙarfe ya yi tauri idan aka shayar da shi, wato aka gasa shi ya yi ja aka tsoma a mai ko ruwa, sinadarin kabon ne da ke cikinsa. Ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari, ko an tsoma shi a ruwan ƙanƙara ba zai yi taurin kirki ba. Daga wajen kashi 0.6 ya riga ya kai kusan iyakar taurin da adda ke buƙata. Abin da ya haura 0.8 yana taruwa ne ya zama 'yan ƙwayoyi masu tauri a cikin ƙarfen, suna taimaka wa riƙe kaifi, amma ta wurinsu tsaga ke samun hanya. Ke nan gidan ƙarfen sara yana tsakanin 0.55 da 0.80. Lambobin da Amurkawa ke sa wa ƙarafa suna faɗar wannan a fili: lamba biyu na ƙarshe su ne kabon. 1075 yana da wajen kashi 0.75, 5160 yana da wajen 0.60. Biyun farko kuma dangi ne, 10 na nufin kabon zalla da ɗan manganis, 51 na nufin an sa kuromiyam.

A dangin 10 da suka shiga gidan ƙarfen sara, na ƙasa shi ne 1055. Da shi kamfanin Cold Steel ke yin addunansa. Da wuya a karya shi, amma kaifinsa ba ya jimawa, mai aiki da shi sai ya riƙa yawo da magagari a aljihu. Ga sassabe a ƙasa mai burji da marmara wannan ba aibi ba ne, tunda kowane ƙarfe ne zai dakushe a can, sai a nemi wanda ya fi saurin komawa. Sama da shi akwai 1070 da 1075. Tramontina na Burazil 1070 yake amfani da shi, Condor na Elsalbado kuma 1075. Waɗannan su ne tsaka-tsakin da ya fi dacewa da yawancin mutane: suna ɗaukar kaifi sosai, dutsen washi na cinsu ba wahala, suna tanƙwaruwa su dawo. Ƙarfen Sin mai suna 65Mn ɗan uwansu ne, kabon 0.62 zuwa 0.70, manganis wajen kashi 1. An raina shi saboda arahar kayan da ake yi da shi, alhali laifin ba nasa ba ne. Idan addar 65Mn ta lalace, a duba shayarwar da aka yi mata a gurguje.

1095 kuwa sunansa ya fi amfaninsa a wannan aiki. Kabon ɗinsa 0.90 zuwa 1.03, manganis kaɗan, don haka yana son sanyaya mai sauri ƙwarai, a cikin daƙiƙa guda ko makamancin haka. Mai mai kauri ba ya saurin da yake so, ruwa kuma yana tsaga shi. A wuƙar fiɗa ko ta aljihu ba a cewa komai, yana yanka. A doguwar adda sai an sassauta taurinsa sosai kafin a amince da shi. Addar sojojin Amurka mai inci 18 da kamfanin Ontario ya daɗe yana yi 1095 ce, kuma ta yi aiki, amma da zarar an sauko da shi zuwa taurin 1075, to ribar ƙarin kabon ɗin ta tafi, gautsin ne ya rage. Wanda ke da zaɓi tsakanin 1075 da 1095 don sara, ya ɗauki 1075.

Sai 5160, ƙarfen sifirin mota, wanda a nan ne ya kamata a zauna. Kabon 0.56 zuwa 0.64, kuromiyam 0.7 zuwa 0.9. Wannan ɗan kuromiyam ba ya hana tsatsa ko kaɗan, aikinsa shi ne ya sa taurin ya ratsa har tsakiyar ƙarfe mai kauri ko da a mai aka tsoma. A tauri 57 zuwa 59 yana jure dukan da 1095 ba zai jure ba. Ba banza ba maƙeran Nefal ke ƙera kukuri, wato lanƙwasasshiyar wuƙar sararsu, da sifirin manyan motoci, haka maƙeran Maleshiya da Indunusiya da Filifin ke yin nasu addunan jeji da shi. Maƙeranmu ma abin da suke nema ke nan a wajen 'yan gwangwan, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ko kowace kasuwar tsofaffin kayan mota.

Sai dai ba kowane sifirin ne 5160 ba. Motocin Japan sukan zo da SUP9, wanda kusan tagwayen 5160 ne. Na Turai sukan zo da 51CrV4, mai ɗan banadiyam. Wasu 9260 ne, mai silikon wajen kashi 2. Duk suna yin adda mai kyau, kuma shayarwarsu ba ta yi nisa da juna ba. Matsalar tsohon sifirin ba sunansa ba ce, gajiyarsa ce. Fallen da ya shekara da shekaru yana lanƙwasa yana miƙewa a ƙarƙashin lodi yana tara ƙananan tsagu da ido ba ya gani, musamman kusa da hujin tsakiya, da gindin idon da ke kowane gefe na babban falle, da duk inda tsatsa ta yi rami. Waɗannan tsagu ba sa haɗewa don an buga su da masaba. Suna nan sai ranar shayarwa su buɗe, ko mafi muni, ranar sara. Don haka a guji fallen da aka cire saboda ya karye, a yanke abin da ke kusa da huji a yar, a goge fuskar ƙarfen har ta yi fari a duba. Wata dabara mai sauƙi: a shafa kananzir a gogaggen ƙarfe, a share, a barbaɗa garin alli. Inda tsaga take, kananzir zai tsattsafo ya zana layi a allin. Guntayen fallaye na ƙasa sun fi dacewa da wuƙar sara mai santimita 25 zuwa 35, ba sai an ɓarnatar da dogon falle ba.

Kafin a ɓata gawayi a kan ƙarfen da ba a san asalinsa ba, a yanko ɗan guntu kamar tsawon yatsa, a buga shi ya yi kaurin milimita 3, a gasa, a tsoma a mai. A gwada magagari. Idan ya zame bai kama ba, ƙarfen ya yi tauri. Sannan a matse shi a buge da guduma, a kare ido. Ƙarfen kirki zai karye ƙas, ba zai lanƙwashe ba. A kalli wurin karayar: idan ya yi laushi toka-toka kamar garin siminti, wutar ta yi daidai, idan kuwa yana ƙyalƙyali da manyan ƙwayoyi, an ƙona shi, kuma addar da aka yi wa irin wannan wuta za ta karye komai kyan ƙarfenta.

Wanda zai iya sayo sabon ƙarfe mai takarda, 80CrV2 ya cancanci kuɗinsa. Kabon wajen 0.8, kuromiyam wajen 0.5, banadiyam wajen 0.2 wanda ke hana ƙwayoyin ƙarfen girma idan wuta ta ɗan yi yawa. Ya fi 5160 riƙe kaifi, bai kai shi juriya ba amma ya kusa. 15N20, ƙarfen faffaɗan zarton injin tsaga katako, yana da nikel wajen kashi 2 kuma juriyarsa ta kai a yi maganarta. Cikas ɗinsa shi ne fale-fale yake zuwa, milimita 2 zuwa 3, sai doguwar addar ciyawa da kara.

Sauran tarkacen kasuwa, a taƙaice. Boris, wanda yawanci 52100 ne, kabon kashi 1 da kuromiyam 1.5, wuƙar yanka yake yi mai kyan gaske, amma yana da taurin kai a ƙarƙashin masaba kuma ba ya yafe kuskuren wuta. Tsohon magagari a bar shi ga ƙaramar wuƙa, kabon ɗinsa ya yi yawa, kuma wasu na araha fatar kawai ke da tauri. Faifan garmar tarakta yana yin addar sassabe mai jure tsakuwa, sai dai na zamani da yawa kabon ɗinsu kaɗan ne da ɗan boron, taurinsu bai cika wuce 50 ba. Rodin gini ba ƙarfen wuƙa ba ne, narkakken tarkace ne. Ƙarfen dogo kayan gwamnati ne, a bar shi inda yake. Duk ƙarfen da aka yi wa rufin tutiya kuma kada ya shiga wuta, farin hayaƙinsa na sa zazzaɓi.

Ƙarfe marar tsatsa yana buƙatar a yi masa adalci, don an cika yi masa kuɗin goro. Wanda ke da kuromiyam daga kashi 10.5 zuwa sama ne ake kira haka, kuma a cikinsu akwai masu gautsi da masu juriya. 440C, mai kabon wajen kashi 1 da kuromiyam 16 zuwa 18, cike yake da manyan ƙwayoyi masu tauri, bai dace da sara ba. Haka D2, mai kabon 1.5 da kuromiyam 12, wanda 'yan talla ke yawan yabawa: yana riƙe kaifi a yankan kwali da igiya, amma a kan busasshiyar ƙirya bakinsa ɓantarewa yake yi, ga shi da wuyar wasawa a dutse. A ɗaya gefen akwai 420HC, da AEB-L, da 14C28N wanda kamfanin Sandvik na Suwidin ya ƙirƙiro. Kabon ɗinsu tsakanin 0.45 da 0.67 yake, ƙwayoyinsu ƙanana, juriyarsu tana gogayya da ta ƙarafan sifirin. Ga masunci a Yawuri ko bakin Tafkin Chadi, ko mai lambu a fadama da addarsa kullum cikin laima, 14C28N ko 420HC zaɓi ne mai ma'ana. Amma na saye ne, ba na maƙerar gawayi ba. Suna son zafi wajen digiri 1,050 na Salshiyas, a riƙe shi daidai na 'yan mintuna, a kare ƙarfen daga iska. Zugazugai da ido ba sa iya wannan. Wuƙaƙen nan masu sheƙi na 3Cr13 da suka cika kasuwa ba sa karyewa da sauƙi, ba sa kuma riƙe kaifi. A arewa, inda rabin shekara ko fiye iska a bushe take, tsatsa ba ta kai a sadaukar da kaifi dominta ba. Goge adda bayan aiki da ɗan shafa mai a damina ya wadatar.

Wani ƙarfen kamfani na musamman mai suna CPM 3V yana saman duka idan ana maganar haɗa juriya da riƙe kaifi, har a tauri 60. Tsadarsa da wuyar wasa shi ba tare da dutsen daimon ba sun fitar da shi daga lissafin wanda zai tafi sassabe.

Duk wannan kwatance a kan takarda yake har sai an zo shayarwa, a nan ne ake samun adda ko a rasa ta. A ɗauki sifirin a matsayin misali. Bayan an gama ƙira, a gasa addar ta ɗan wuce inda mayen ƙarfe ke daina kama ta, a ajiye ta huce da kanta a iska. A yi haka sau uku, kowane karo wutar ta ɗan gaza ta baya. Wannan ke mayar da ƙwayoyin da zafin ƙira ya kumbura. A gyara siffa da magagari, amma kada a fitar da kaifi, a bar bakin da kaurin milimita 1 zuwa 1.5, in ba haka ba zai yi kwana-kwana ko ya tsage a mai. Mayen ƙarfe yana sakin ƙarfe a digiri 770, shi kuwa 5160 yana son wajen 830, wato a ƙara masa ja kaɗan bayan ya saki. A yi wannan a inuwa ko da magariba. A tsakar rana ido na ganin ƙarfe bai yi ja ba alhali ya wuce gona da iri. Gawayin ƙirya ya fi, kuma a shimfiɗa wutar ta yi tsawo, a riƙa kai addar ana kawowa, bayanta a ƙasa, don kada tsini ya ƙone kafin tsakiya ta yi zafi.

Mai za a tsoma, ba ruwa ba. Man gyaɗa ko wani man girki, lita 4 zuwa 5 aƙalla ga doguwar adda, a ɗumama shi zuwa wajen digiri 50 ta hanyar tsoma jan guntun ƙarfe. Mai mai ɗumi ya fi mai sanyi saurin sanyaya ƙarfe, saboda ya fi tsinkewa. Baƙin man inji yana aiki sama-sama, amma ba shi da sauri, yana kamawa da wuta, hayaƙinsa kuma ba na shaƙa ba ne. A shigar da addar a miƙe, a motsa ta gaba da baya ta layin bakinta. Motsi gefe da gefe ne ke sa ta karkace. A ajiye murfin ƙarfe kusa don kashe wuta idan man ya kama. Ga wuƙa mai kauri, ana iya zuba man a doguwar tasa a tsoma sulusin faɗinta kawai ta wajen baki, sai ja ya bar bayan sannan a nutsar da duka. Baki ya yi tauri, baya ya zauna da sauƙinsa. Maƙeran Nefal da buta suke tsiyaya ruwa a bakin kukuri don samun wannan sakamako, amma hannu ne da ya saba, ba abin koyi a ranar farko ba.

Addar da ta fito daga mai gilashi ce, ba a sara da ita, ba a kuma barinta ta kwana. Nan take a sassauta ta. Wanda ke da tanda mai ma'auni ya sa ta a digiri 200 zuwa 220 na awa biyu, ta huce, a maimaita. Wanda ba shi da shi ya goge ta ta yi fari, ya gasa wani ƙaton ƙarfe ya yi ja, ya ɗora bayan addar a kai yana kallon launi na tafiya zuwa baki. Ruwan ɗorawa mai haske ne ke fara zuwa, sai ya yi duhu zuwa ruwan ƙasa, sai shunayya, sai shuɗi a wajen digiri 300. Da bakin ya yi ruwan ɗorawa mai duhu a ɗauke a sanyaya. Kada a bar shuɗi ya kai baki da tunanin ƙarin juriya: tsakanin digiri 250 da 350 irin waɗannan ƙarafa suna rasa tauri ba tare da juriyar ta ƙaru ba, wani lokaci ma raguwa take yi. Haka kuma injin wasa na iya rushe aikin duka cikin daƙiƙa biyar. Duk inda baki ya yi shuɗi a kan inji, wurin ya mutu. A riƙa tsomawa a ruwa, a ƙarasa da magagari da dutse.

Siffa ma tana yanke hukunci kafin ƙarfe ya ce komai. Ga ciyawa, gamba, karan dawa da ɗanyen reshe, doguwar adda ce mai santimita 45 zuwa 55, kauri milimita 2 zuwa 2.5, kuma 1070, 1075, 65Mn ko 15N20 a tauri 52 zuwa 55 sun isa. A nan addar kamfani irin Tramontina ko mai tambarin kada ta Martindale ta fi ta maƙera sauƙi, don miƙe dogon ƙarfe fale-fale a shayar da shi bai karkace ba aiki ne mai wuya. Ga busasshen itace, marke, ƙirya, kanya, ko faskare ƙananan gungume, gajera mai nauyi ce, kauri milimita 5 zuwa 6, sifirin ko 80CrV2 a 57 zuwa 59, a nan kuma maƙerin da ya iya wuta ya fi kamfani. Ga mahauci mai saran ƙashi, sifirin ne dai, amma a sauko zuwa 54 ko 56, a bar bakin da kauri, kusurwar wasawa digiri 25 zuwa 30 kowane gefe. Na itace digiri 20 zuwa 25 ya yi, kuma baki mai ɗan tudu ya fi mai rami, yana da nama a bayansa, ba ya kuma maƙalewa. Yawancin giɓin da ake ɗora wa ƙarfe laifinsa, baki ne aka sirantar fiye da aikin.

Mai saye a kasuwa ba ya ganin kabon, tambari kuma ana buga na jabu. Abin da zai iya shi ne ya ja magagari a bakin: ya kama da ɗan ƙyar, to madalla, ya nutse ba turjiya, ƙarfen bai sha ba, ya zame gaba ɗaya, ta yi tauri da yawa ga sara. A gwada wurare uku, tushe, tsakiya da kusa da tsini, don shayarwar da ba ta daidaita ba a nan take tonuwa. Adda fale-fale a kafa tsininta a katako a tanƙwara ta kaɗan, ta dawo a miƙe. Idan mai kaya ya yarda, sara biyar a busasshiyar gaɓa sun fi duk wani bayani.

A duba kuma inda ruwan wuƙar ya haɗu da wutsiyar da ke shiga ƙota, don a nan manyan wuƙaƙe suka fi karyewa. Idan an yanke kafaɗar wurin da kusurwa mai kaifi, duk girgizar sara a nan take taruwa har tsaga ta fara. A zagaye kusurwar da magagari mai zagaye, wutsiyar ta yi faɗi ta kai aƙalla kashi biyu cikin uku na tsawon ƙota, kada a shayar da ita, kuma a huda ramukan ƙusa tun kafin shayarwa. Ƙusa uku na tagulla ko baƙin ƙarfe mai milimita 5 sun fi biyu, kuma kada ramin farko ya matso kafaɗa fiye da santimita 2.